Darasina na Uku Ya Tafi Legas

Matameye, bayan an gama kai hatsi rumbu.

Zuwa ga ɗiyata Uwani, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, cikin rufin asiri. Allah ya tsare ki a garin mutane, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Mu nan lafiya lau. Ba labarin gida na zauna in ba ki ba, wannan kina jin sa a waya.

Ki yi haƙuri da rubutun. Hannun da ya fara riƙe alƙalami bayan furfura ta fito, layinsa sai ya riƙa hawa yana gangara kamar kunyoyin gonar rago. Da na so, da na kira ki. Amma na san kaina. Da kin ce "Haba Inna" kin yi dariyar nan taki, sai in manta abin da na shirya, in ƙare da tambayar ko kin ci abinci. Takarda ba ta dariya, shi ya sa na zaɓe ta.

Zan fara da abin da ban faɗa miki ba ranar tafiyarki, don ina ta fama da ƙulla miki kuka da daddawa. Abin da kika ɗauko ya burge ni, har yanzu yana burge ni. Ranar da kika buɗe ordinatarki, kwamfutar nan taki, ƙarƙashin itacen bedi kika nuna mini makarantar da ba ta da katanga, na tsura mata ido, kika zaci ban gane ba. Na gane. Kin ce waɗansu mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu suka gina ta, suka bar ƙofarta a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara yadda ya dace da shi, ba mai tambayar ko dala. Kin ce ke za ki zuba darussanki a ciki, na yara masu shirin jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare da na mata irina masu son karatu da Hausa, su riƙa bi ta waya, ana biyan ki wata-wata. Abin da na sani mai kama da wannan shi ne rijiyar sadaka a bakin hanyar Kance. Wanda ya haƙa ta bai san masu sha ba. Waɗanda suka yi wannan aiki, ko su wane ne, ko wane yare suke ji, ina sa musu albarka. Ke kuma da kika gan ta kika tuna da mu, ba ki ce karatun manya na ƴan birni ne ba, Allah ya yi miki albarka ninki.

To, ga abin da ya sa na zauna.

Shekaranjiya Baffanki Ilu ya shigo. Kin san shi da tsokana, tun daga zaure ya fara.

"Matar yaya, a kawo fura, yau dillali ne ya zo, ba ƙanen miji ba."

Na ce, "Dillalin me? Kai da ko akuyarka ba ka iya sayarwa ba sai an cuce ka."

Ya ce, "Dillalin gona. Ɗiyarki ta ce in nemo mai sayen gonar Tsauni. Akwai wani Alhaji a Kance da ke son a zagaya da shi ranar kasuwa."

Na ɗauko masa furar, amma ludayin a hannuna ya zauna har sai da ya miƙo hannu ya karɓa da kansa.

Uwani, gonar taki ce. Gadonki ce daga babanki, Allah ya jiƙansa, ba ni da ikon hana ki. Na kuma san ba kwalliya za ki yi da kuɗin ba. Kin faɗa mini kina buƙatar hayar ɗaki, da kayan ɗaukar murya, da wurin da za a ajiye makarantar a intanet. Amma gona sau ɗaya ake sayar da ita. Don haka kafin Alhajin nan ya taka iyakarta, ki saurari kurakuran uwarki. Ba su da yawa waɗanda suka shafe ki, amma na biya su da tsada, gara ki same su a arha.

Kin tuna injin niƙan da ke bayan gidan mai unguwa, wanda kaji ke ƙwai a ƙarƙashinsa? Kina ƙarama lokacin da wani furoje na masu ba da agaji ya kawo wa ƙungiyarmu ta mata shi kyauta. Ni ce shugaba. Ranar da aka tada shi mun yi guɗa har muryarmu ta dushe, don mun ga ƙarshen daka. Da aka zauna yanke kuɗin niƙa, ni na miƙe na ce, abin da aka ba mu kyauta, kunya ce mu tsawwala wa ƴan uwanmu. Aka yi mini tafi. Muka riƙa karɓar abin da zai sayi man gazuwal kawai. Ban tambayi wanda zai gyara shi ba in ya tsaya, ban tambayi inda ake samun kayansa ba. Ya yi mana aiki har muka manta nauyin taɓarya. Ran nan ya yi wani tari ya yi shiru. Makanisiyen da ya san irinsa yana Damagaram, ƙarfen da ya karye sai an aika Kano, asusunmu kuwa ba komai. Masu furoje sun daɗe da naɗe tabarmarsu. Muka koma turmi, kuma matan da suka yi mini tafi su ne suka fara cewa Mariama ta kashe inji.

Abin kyauta yana da baki, ɗiyata, yana ci. Makarantar taki an ba ki ita kyauta, amma wutar kuran ta caji ba kyauta ba ce, koneksiyon na intanet ba kyauta ba ne, ranakunki da za ki ƙarar kina shirya darasi su ma ba kyauta ba ne. Kada kunya ta yanke miki farashi kamar yadda ta yanke mini. Kuma ki tambayi kanki tun yanzu: ranar da ta yi tari ta yi shiru ana gobe jarrabawa, wa za ki kira? Kin ce akwai mutane a intanet masu amsa tambaya don Allah. Madalla da su. Amma mai taimako don Allah yana da nasa gida da nasa uzuri. Ki koyi cikin abin da hannunki, ki san ƙarfen da ya fi saurin karyewa. A nan kin fi mu sa'a. Namu injin a rufe ya zo, ba wanda ya nuna mana cikinsa. Naki masu shi sun ce buɗe ki duba. To, ki buɗe ki duba.

Na biyu ya fi ba ni kunya, don lalacina ne. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu, na shiga da zafi. Na koyi baƙaƙe, na fara haɗa su. Sai na ga tafiyar tana cin mini lokaci, ga girki ga awaki. Na ce wa malamarmu, Malama Hassi, ta ba ni littafin in riƙa yi a gida, ai na gane hanya. Ta ba ni. Na ajiye shi a kan jere, cikin kwanon da ba a taɓawa, don kada ya yi datti. Bai yi datti ba kuwa. Kullum ina cewa in na gama wanke-wanke, in na idar da la'asar, in baƙin nan sun tafi. Har damina ta zo ta wuce, na manta rabin abin da na sani.

Kin san abin da ya mayar da ni? Ba littafi ba ne. Malama Hassi ce ta riƙa tsayawa bayan katangarmu in za ta wuce aji, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji:

"Mariama, mun shimfiɗa tabarma, wurinki ne kawai ya rage. Ko sai mun aiko da amalanke?"

Kunya ta sa na fita ranar farko. Rana ta biyu ma kunya. Daga baya na riƙa riga ta isa. Duk baƙin da kike gani a takardar nan, daga bayan katangar nan ya fito.

Ki riƙe wannan da kyau, don a nan nake ganin cinikinki yake. Tunda ƙofar a buɗe take, yadda kika ɗauka haka wani mai babbar lakwal ta boko a Damagaram zai ɗauka gobe, ya fi ki kuɗi, ya fi ki ɗakuna. Kada wannan ya tsorata ki. Kowace mace a garin nan ta san yadda ake daddawa, ba asiri ba ne, amma akwai ƙofar da ake layi. Ba don rijiyar za a biya ki ba. Don kin san sunan yaron za a biya ki, kin san ya kwana biyu bai buɗe darasi ba, kin kira uwarsa kin tambaya ko lafiya. Waya tana da haƙuri fiye da kima. In mutum ya ajiye ta ba za ta tsaya bayan katangarsa ba. Ki tanadi mai tsayawa.

Yanzu ga na ukun. Shi ne ya hana ni sukuni, kuma sabo ne, ko wata bai yi ba.

Kin tuna da damina, lokacin hutun lakwal, da kika bi gida-gida kina tambaya ko akwai babbar waya mai shafawa? Ni na raka ki, ina gaba kina baya, ina cewa ga ɗiyata madam, malama mai makarantar waya. Kusan duk gidan da muka shiga aka fito mana da ita. Kika dawo kina murna, kika ce Inna, kasuwa ta samu. Ni ma na ce ta samu. Daɗin nuna ki ya rufe mini ido, ban tsaya na duba daga aljihun wa ake fito da wayoyin ba.

Bayan tafiyarki na ce bari in gwada abin ɗiyata da kaina, kada a tambaye ni a kasuwa in rasa amsa. Tawa wayar kin san ta, ƴar ƙarama mai tocila. Sai na shiga wurin Zulai maƙwabciyarmu, na ce ta aro mana ta mijinta Sani. Ya ba mu ba musu, har ya shigar da mu kamar yadda kika rubuta mini a bayan kalanda. Uwani, da muryarki ta fito daga cikin wayar nan tana cewa "Sannunku da zuwa, iyayena," sai da na goge ido da bakin zane. Zulai ta ce, "Inna, ai ba ta gan ki ba, ki daina gyara kallabi."

Darasin farko na karanta takardar magani ne, wanda ake sha safe da wanda ake sha dare. Kin yi shi yadda ko jaka za ta gane. Da na yi kuskure ba wanda ya yi mini dariya, abin ya ce in sake, na sake. Wannan kam ya fi aji, don a aji akwai idon mutane. Na biyu na sa aya ne a rubutu. In kin ga ayoyi sun yi yawa a takardar nan, ke kika jawo. Muka ga sunan na uku, yadda uwa za ta karanta takardar sakamakon ɗanta ta lakwal. Zulai ta dafa ƙirji ta ce wannan nata ne, don ƴaƴanta kullum suna ce mata sun ci, ita kuwa sai dai ta ce madalla. Muka yi alkawari sai jibi bayan la'asar.

Da ranar ta zo na ɗauki tabarmata na shiga. Na tarar da Zulai tana tankaɗe.

Na ce, "Ina makarantarmu?"

Ta ce, "Makaranta ta hau mota tun da safe, Inna. An gama kaka, Sani ya tafi ci-rani Legas."

"Da wayar?"

"To da me zai riƙa kiran masu ba shi aiki? Ya bar mini mai tocila. In ta iya karatu, bismilla."

Muka yi dariya, amma ni tawa ba ta kai ciki ba. Na fito na bi layinmu, gidajen nan da muka shiga da ke. Gidan Malam mai ɗinki, ɗansa ya tafi Kano da wayar. Gidan da ke kusa da famfo, maigidan ya tafi Katsina. Haka, haka. Manyan wayoyin da muka gani da damina duk na maza ne da suka dawo noma. An ɗaure hatsi, sun ɗaure jaka, wayoyin sun bi su. Abin da ya rage a unguwa sai na ma'aikata da ƴan kasuwa, su kuwa ƴaƴansu suna da mai koya musu tun da can.

Ki duba yadda abin yake. Da damina waya tana gida, amma ba mai lokacinta: mata suna kai abinci gona, yara suna hutu suna bin shanu, kowa ya dawo sai barci. Da rani lokaci ya samu, lakwal ta buɗe, jarrabawa tana matsowa, mata sun huta, amma waya tana Legas. Rijiya ta bayar, guga ya yi tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai, ni ce ya kamata in fara ganin wannan, don ya taɓa faruwa da ni. Tun kafin ajin Malama Hassi, akwai shirin da ake koya wa manya ƙirga da baƙaƙe a rediyo. Na fara bi a rediyon babanki, ina zana abin da na ji a ƙasa da tsinke. Kaka ta wuce, ya shirya tafiya Kano, na ga yana naɗe rediyon cikin bargo. Na ce, "Malam, karatuna fa?" Ya ce, "In na dawo kya ci gaba, ai baƙaƙen ba gudu za su yi ba." Da ya dawo an daina shirin. Ba mugunta ya yi ba, rediyonsa ne, kuma shi ke ɗebe masa kewa a baƙon wuri. Amma wannan tafiyar ta ci mini shekaru. Na san wannan sarai, na kuma raka ki gida-gida ban tuna ba. Ki yafe mini. Ke a lakwal kika girma, daga nan sai makarantar malamai, ba ki taɓa zaman jiran ɗan ci-rani ba. Ni ce na sani.

Ban ce abin ba zai yiwu ba. Kada ki karanta haka. Wanda ya ji muryarki a darasin farko ba zai ce ba zai yiwu ba. Cewa na yi awon da muka ɗauka na damina ne, rigar kuwa da rani za a sa ta. Kuma ke kika ce mini masu abin sun yarda a yanka a ɗinka yadda ake so. To, ki ɗinka shi daidai jikinmu. Ni ba masaniya ba ce, tambaya nake: dole ne kowa da wayarsa? Mu nan ba mu saba cin abu mu kaɗai ba. Turmi ɗaya gida uku ke daka a ciki. In waya ɗaya ce a zaure, mata suka taru bayan la'asar, yara masu birbe suka zo bayan an tashi lakwal, aka sa mace ɗaya mai baki irin na Malama Hassi tana kira tana riƙe wayar, ba zai yi ba? Kuma ba a iya zuba darussan a cikinta tun daga Damagaram, don kada mu zauna muna jiran rezon waya ya dawo? Sannan ki tuna mazan nan da suka tafi da wayoyin ba ɓata suka yi ba. Suna can suna aiko da na cefane. Uban da ya ji ɗansa yana zuwa zaure karatu, ya ji muryar matarsa tana karanta masa sakamako, ina ganin ba zai ƙi ƙara wani abu a kan na cefanen ba. Ke kin fi ni sanin yadda za a tambaye su. Ki tambaye su, kada ki ɗauka.

Ga roƙona, guda ɗaya ne. Kada ki sayar da gonar Tsauni sai rani ɗaya ya wuce a kan makarantarki. Ki gwada ta a lokacin da ba waya a gari, ki ga wa zai zo, wa zai dawo, wa zai biya ba tare da an bi shi ba. In ta tsaya da ƙafarta a watan zafi, lokacin da rumbu ya fara sauka, to ta tsaya ke nan. Ranar nan in kin ce a sayar, ni da kaina zan zagaya da Alhajin, in nuna masa gamban da babanki ya dasa a iyaka. In kuwa ba ta tsaya ba, kin yi asarar rani ɗaya, kina da inda za ki koma ki sake shiri.

Na yi wani abu ba da izininki ba, gara ki ji daga bakina. Na ce wa Baffanki ya gaya wa Alhajin a dakata, mai gona tana shawara. Ya ce, "Matar yaya, kin kashe mini la'ada." Na ce ya rubuta ta a kan furar da ya sha. Ban ce an fasa ba, dakatawa na ce. Kalma ta ƙarshe taki ce, in kin kira shi gobe kin ce a ci gaba, ba zan yi fushi ba. Zan dai yi kuka kaɗan, wannan kuwa kin saba.

Waken da gyaɗar da aka samu a gonar bana suna nan, ban taɓa ba, naki ne. Baffanki ya ce in aka kai kasuwa za su sayi waya mai shafawa mai kyau, har da ɗan faifan rana na caji. Kin gani, gonar da ke hannu tana iya saya miki waya bana, ta sake saya miki wata baɗi. In kin yarda, ki aiko da sunan irin wadda ta dace, kada a sayo mana wadda za ta yi tari.

Zauren babanki na share shi. Na fitar da buhunan da ke ciki, na sa an yaɓe inda ya tsage. Zulai ta riga ta gaya wa matan layinmu, har waɗanda ban gayyata ba suna tambaya ta yaushe za a fara. Ta ce ita za ta riƙa kira, kuma kin san muryarta, har tasha ana ji. Ni kuma na zaɓi wurina, kusa da ƙofa inda haske yake, don idona ba kamar da ba.

Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Kada ki hau babur ɗin da mai shi ke gudu, ki ce ya sauke ki ko da kin biya. Ki gai da matar gidan da kike haya, ki ce uwarki ta gode. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya sa albarka a cikin abin da kika ɗauko, ya saka wa waɗanda suka gina shi suka bar ƙofa a buɗe. Allah ya kai mazan unguwarmu lafiya ya dawo da su lafiya. Amma ni ba zan jira damina ba a karo na biyu, Uwani. Darasina na uku yana aljihun Sani a Legas. Ki aiko mini da shi gida.

Wassalam.

Innarki,
Mariama